Kwana Casa'in da Takabar Umma

A shekarun farko da soja suka koma bariki, Abbanmu ya samu aikin jinya a wani asibiti a Saudiyya. Kafin ya tafi ya kai ni da Umma wani shagon intanet a Tarauni, kusa da kasuwa, ya buɗe mata akwatin imel. Ya ce waya tsada gare ta, wasiƙar gidan waya kuma sai ta yi wata a hanya. Ina aji biyu a sakandare lokacin. Ni aka ɗora wa riƙon mawus, don in Umma ta taɓa shi sai kibiyar ta gudu gefen allo ta ɓuya.

Mai shagon wata mata ce 'yar Kudancin Kaduna, tsohuwar malamar makaranta, muna ce mata Anti. Duk Asabar da hantsi muke takowa daga Gyadi-Gyadi, mu zauna a kwamfutar da ke lungu. Umma ce ke buga lambar sirri da yatsa ɗaya, ta rufe hannunta da gefen mayafi, ni ma sai na kau da kai.

"Maman yara, ko banki ba a tsare shi haka," in ji Anti.

"Banki ai kuɗi kawai ke ciki," in ji Umma.

Shafin a hankali yake buɗewa, daga sama zuwa ƙasa. Talla ce ke fara fitowa, manyan haruffa ja suna walƙiya, da hoton wata baturiya tana dariya. Sai daga baya jerin wasiƙu ya bayyana, wadda ba a karanta ba ta fi sauran baƙi. Ni ba mai magana ba ce, don haka in muna jira sai in yi ta karanta duk abin da ke allon. A can ƙasa akwai wani layi da Turanci, haruffansa ƙanana ƙwarai, launin toka. Cewa yake in aka yi kwana casa'in ba a buɗe akwati ba, za a share duk abin da ke ciki. Na karanta shi sau da yawa, kamar yadda nake karanta jikin gwangwanin madara.

Ba mu taɓa buga ko wasiƙa ɗaya a takarda ba. Injin bugawar yana kan teburin Anti, ita ke miƙo takardun, Umma kuma tana jin kunya. A wasiƙun Abba yakan kira ta da wani suna da ban taɓa ji a gida ba. In mun zo wurin sai ta zungure ni ta ce, "Sauka ƙasa."

Asabar ɗin ƙarshe mun tarar da sabuwar wasiƙa, kanta ya ce "Game da yara". Na danna, sai wata talla ta faɗo ta rufe ta. Alamar rufe tallar da ta rufe shafin gaba ɗaya suna dab da juna, iri ɗaya kuma. Na danna wadda ba ita ba. Kafin Umma ta gama sake buga lambarta aka ɗauke wuta, janareton Anti kuma babu mai. Umma ta ce ba komai, sati mai zuwa.

Ranar Talata aka bugo waya gidan maƙwabta. Abba ya faɗi a wurin aiki, ya cika kafin la'asar, an binne shi a can.

Umma ta shiga takaba. Gwaggo, yayar Abba, ta tare a gidanmu, ta ce ko soro Umma ba za ta leƙa ba sai ta fita. Bayan sadakar arba'in na yi lissafi a bayan littafin makaranta. Wata huɗu da kwana goma ya zarce casa'in da nisa.

Na gwada faɗa sau ɗaya. Umma na kan darduma da carbi, na durƙusa na ce, "Umma, akwatin nan na Tarauni..."

"Ke, wane akwati?" in ji Gwaggo. "Uwarki na cikin wannan hali kina mata zancen kwamfuta? 'Ya'yan zamani!"

Umma ta ce a hankali, "Bar shi, ai a kulle yake. Abin da aka kulle ina za shi? Da idona nake so in karanta."

Jimla ɗaya ta rage in ƙara, amma ta maƙale. Neman lambar sirrin nan a wurina kamar neman mukullin ɗakinta ne, Gwaggo kuma tana kallona. Anti ma ta zo gaisuwa karo na biyu, na kawo mata ruwa, ta riƙe hannuna ta ce, "Yarinyata, kin rame." Na sunkuyar da kai. Ranar da kwana casa'in suka cika na sani, na sa inifom na tafi makaranta. Na ce wa raina wataƙila tsoratarwa ce kawai.

Da Umma ta fita takaba, ta yi wanka ta ɗaura sabon zane, kafin ta zaga gidajen dangi ta ce mu je Tarauni. Ta buga lambar, wannan karon ko rufe hannun ba ta yi ba. Wata fuska rawaya mai murmushi ta fito a tsakiyar allo, da manyan haruffa a ƙarƙashinta, da maɓalli shuɗi. Na danna. Tallar ta zo, baturiyar ta zo, sauran shafin fari fat.

"Sauka ƙasa," in ji Umma.

"Babu ƙasa, Umma."

Anti ta taso, ta karɓi mawus, ta duba ko'ina a akwatin har kwandon shararsa. Ta cire tabarau ta goge.

"Maman yara, sun share."

"Su wa?"

"Ba mutum ba ne. Inji ne ke ƙirga kwanaki."

"Shi ba a gaya masa an yi rasuwa ba?"

Anti ta mayar da tabarau. Ta nuna layin nan mai launin toka a gindin allo da farcenta. "Dubi inda suka sa shi, don Allah. Talla kamar allon titi, abin da zai cuci mutum kamar ƙwan kwarkwata. Wa zai ga wannan?"

Na dubi takalmina.

Umma ta juyo daga allon. Sannan ta tambaye ni abin da fuskar nan mai murmushi ta ce ɗazu. Na ce, "Cewa ta yi barka da dawowa." Ta gyara mayafi ta tashi. Anti ta ƙi karɓar komai.

A gida, bayan kwana biyu, Umma ta miƙo min sabon littafin rubutu. Ta ce, "Ke ma kin karanta, kanki kuma ya fi nawa riƙe abu. Rubuta min abin da kika tuna." Na cika shafi shida. Na sa har sunan nan da yake kiranta, ta gani ta ci gaba da karatu. A shafi na bakwai na rubuta "Game da yara", na ja layi a ƙarƙashi. Littafin yana cikin adakarta har yanzu, ban kuma taɓa gaya mata na ga layin nan tun farko ba.