Saniyar da Ta Tona Mini Asiri a Ƙasar Faransa

Ni mutumin 'Yankuzo ne, ta ƙasar Tsafe. Ba zan faɗi sunana ba, don jikokina ba su yi wa kowa laifi ba. Kafin in lalace, kora ce sana'ata. Fatake su sayi shanu a kasuwar Gusau, ni in kora musu zuwa inda suke so. Hanyoyin daji kuwa na san su kamar yunwar cikina. Mahaifina ya rasu da wuri, ni kaɗai Inna take da shi.

Abin ya fara ne da maraƙi guda. Ya biyo garkenmu a hanyar Bungudu, na gan shi sarai, na kau da kai. Na sayar, ba wanda ya tambaye ni. Daga nan wani abokin kora ya raɗa mini cewa ikon En'e, hukumar sarakunanmu, a bakin iyaka yake ƙarewa, in ka tsallaka da dabba ƙasar Faransa, wato yankin da Faransawa ke mulki arewa da mu, ɗan doka sai kallo. A lokacin gaskiya ya faɗa. Na yi shekaru ina ɗauke biyu yau, uku gobe, in bi ta Ƙaura da Zurmi in ƙetare. Rashin kunya ta kai ni har ina ɗaga wa ɗan doka hannu daga wancan gefen.

Kukan Fulani da manoma ya yi yawa, ya kai ga sarakuna, su kuma suka kai wa Di'o, Baturen mulki. Aka ce ya zauna da kumandan Faransawa sun daidaita. Sanƙira ya yi shela a kasuwa: duk wanda aka sace wa dabba ya karɓi takardar alƙali, ɗan doka ya raka shi ya ƙetare. In ya tabbatar tasa ce a ba shi, ɓarawon kuma a miƙa shi ƙasar da ya yi satar. Dariya na yi. Ni da nake sauya shaidar saniya da ƙarfe mai zafi, in ƙara mata tsaga a kunne, wa zai tabbatar da me?

Ana haka na kore wata jar saniya a mashaya kusa da Kekun Waje, ta wani tsohon Bafulatani, Malam Jaɓɓi. Na gyara ta yadda na saba. Ina tsaye da ita a kasuwar ƙetare, rana tsaka, sai ga tsohon da ɗan doka da wani gardin Faransa, wato ɗan dokarsu. Na rantse a gidanmu aka haife ta. Bai yi musu da ni ba. Ya ja da baya can nesa, ya yi wata 'yar ƙara a maƙogwaro, ya kira sunanta da Fulatanci. Saniyar nan ta fizge igiya daga hannuna, ta ratsa mutane tana kuka, ta je tana lasar hannunsa. Shanun fatake da na saba korawa ba su da suna, shi ya sa na manta na rugga suna da shi.

Suka kulle ni a can. Wani fursuna ya gaya mini wanda aka yanke wa hukunci a nan, arewa ake kai shi cikin hamada aikin hanya, kuma ba kowa ke dawowa ba. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Inna ta tsufa, ba ta ma san inda nake ba.

Kwana uku aka kai ni gaban kumandan. Ya duba takardar alƙali, tafinta ya ce mini: "Kai ba namu ba na. Can ka yi sata, can za a mai da ka."

Wallahi na biyo dokin ɗan doka da ankwa a hannu ina hamdala. Dokar da na yi wa dariya ita ta dawo da ni gida. Alƙali a Gusau ya ɗaure ni shekara uku, ban ga ya zalunce ni ba. Ko ba komai, Inna tana samun mai kawo mini saƙonta.

Da aka sake ni, Kekun Waje na fara zuwa, na durƙusa wa Malam Jaɓɓi. Ya ce ya yafe, amma ƙunar da na yi wa saniyar ta fi satar yi masa ciwo. Na rasa inda zan sa fuskata.

Na iske Inna a gindin rumbu, idonta ya yi rauni. Ta shafa kaina ta ce: "Ɗana, ka komo ke nan, ko wucewa za ka yi?"

Na ce na komo. Damina biyu muka ƙara tare, ina noma mata gero.

Ku samari, kada wani ya ruɗe ku da cewa akwai iyakar da in ka tsallaka laifinka ya tsaya a baya. In dabbar wani ta biyo ku, ku kora ta ga mai ita tun tana guda ɗaya. Ni Allah ya rufa mini asiri, da hannuna na sa Inna a kabari. Fursunan da ya ba ni labarin hamada, shi can aka kai shi, an ce tasa uwar har ta mutu tana tambayar fatake ko sun gan shi.