Saƙon Anti Rabi Daga Kebbe

Ina zaune a ofishin malamai a Tambuwal sai saƙon murya ya shigo zaurenmu na marubuta fim a WhatsApp, inda muke duba wa juna aikin da ba a gama ba.

Jiya na tura wata fitowa daga fim ɗin da nake rubutawa: an sanar da uwa rasuwar ɗanta, ta zube ƙasa tana kururuwa. Kowa ya yaba.

Saƙon na Anti Rabi ne, ma'aikaciyar jinya a Kebbe, wadda ba ta cika magana a zauren ba.

Ta ce, "Malam Nura, ka yi haƙuri. Ran da anka gaya mani nawa ya rasu, ban yi kuwwa ba. Tashi na yi in kwashe shanya, don hadari ya taso. Har da rigatai a igiyar."

Na amsa mata. "Anti, kin yarda in sa wannan?"

"Sa. Amma ka bar ta ta ninke rigar. Ni na kasa."

Haka na rubuta. Allah Ya jiƙan yaron.

Ku da kuka taɓa rashi, me kuka fara yi da labarin ya iso?