Katafilar da Na Ɗinka wa Ɗana

Matso kusa ka ji, don wannan ba labarin da nake son ɗaga murya a kai ba ne.

A ƙauyenmu, nan gefen Birnin Tudu, ni ce mai haɗa wa yara kayan tashe. Da azumi ya doshi kwana goma sai tsakar gidana ta cika da 'ya'yan mutane, wannan yana son gemun tsoho, wancan yana son dodo. Ba a sayen komai, gona ce ke ba mu. Auduga ta yi gemu, rama ta yi gashin dodo, tsohuwar ƙwarya a huda mata idanu a shafe ta da baƙin tukunya, karan dawa ya yi sanda. In na gama dodo, ƙananan da suka ga ina haɗa shi da idonsu su ne farkon masu rugawa bayan uwayensu.

Sai shekarun aikin dam ɗin Bakolori suka zo. Mu ruwa bai ci gidajenmu ba kamar mutanen wajen Maradun, gonakinmu aka ce za a daidaita don noman rani. Katafila ta shigo ta ture itatuwa, ta share iyakoki, har mutum ya tsaya bai san inda gonar ubansa ta fara ba. Azumin shekarar ya faɗo cikin damina. Ruwa yana zuba kamar da bakin ƙwarya, mu kuma an ce kada a yi shuka, aiki bai ƙare ba.

Surukina, uban maigidana, da muke kira Baba, yana tsaye aka tumɓuke ɗorawar da ke tsakiyar gonarsa. Tun ranar ya dawo ya zauna kan tabarma ƙarƙashin rumfa, ya juya wa tsakar gida baya. In na durƙusa na ajiye masa kunu da shan ruwa, ya kurɓa kaɗan ya ture. Tuwo kam sai dai in ɗauke shi yadda na kawo. Mutumin da kullum yake tsokanar ɗana na fari, yana ce masa rago, yaron yana ce masa tsoho mai ƙwace wa mutane mata, ya koma ko kallonsa ba ya yi. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Maigidan yana lebura wurin ginin hanyar ruwa, ya dawo ya dubi ubansa, ya dube ni. Duk mun san inda abin ya dosa.

Cikin wannan hali ɗan nawa ya zo. Ɗan fari ne, ba ni faɗin sunansa. Lokacin bai wuce a aike shi kasuwa ya dawo da rabin saƙo ba.

"Inna, bana ba ki yi muna kayan tashe?"

"Da mi? Ina ramar, ina audugar? Ko kara guda ka gani garin ga?"

"Ni ba dodo nika so ba. Wa ka tsoron dodo yanzu? Katafila za ki yi min."

Na yi dariya, rabona da ita har na manta. Kuma ka san hannun da ya saba, da ya ji sabon abu sai ya fara ƙaiƙayi. Maigidan yana kawo takardun buhun siminti muna shimfiɗa wa kaji, na kakkaɓe su. Na lanƙwasa tsumagun geza na ɗaure da kaba, suka yi kamar akurki mai tsawo wanda yaro zai shiga ya ɗauka a kafaɗa yana duƙe. Na ɗinke takardun a kai da basilla. Na ba da sautun gangamau daga kasuwar Talata Mafara, na jiƙa na shafe ta ta yi rawaya. Gwangwanayen madara suka zama fitilu, sakaina na jera a gaba ta zama haƙora, wani gwangwanin na zuba masa tsakuwa don ƙara. Ƙanensa kuma na kifa masa akushi a ka, na shafa masa toka a fuska, na ba shi igiya, shi ne mai awo.

Al'ada ce yara su fara wasa daga gidansu. Bayan an sha ruwa, gari bai gama duhu ba, suka shigo daga zaure, tsakuwa tana kaca-kaca, yaran unguwa suna biye. Ƙaramin ya ja igiyarsa ya auna turmi, ya auna murhu, mata suna ta ƙyaƙyata dariya. Sai ya ja ta har kan tabarmar Baba, ya maƙale murya ya ce, "Tsoho, tashi, awo ya biyo ta nan!" Katafilar ta matso, haƙoranta suka taɓa gefen tabarmar.

Baba ya waiwayo. Ban san yana da sauran ƙarfin miƙewa haka ba. Ya ɗauki sandarsa ya sauke mata a gadon baya. Yara suka yi shewa, sun ɗauka wasa ne. Ya ƙara, ya ƙara, yana faɗin sunayen itatuwan gonarsa, ɗorawa, tsamiya, kaɗanya, kowanne da bugu. Takarda ta yage, na ji muryar ɗana daga ciki yana kiran Inna. Suruki ne, ba ni iya riƙe masa hannu, ko ido ba mu haɗawa. Sai na faɗa kan katafilar na rufe ta da jikina. Sandar ta tsaya a sama.

Na jawo yaron ɗaki na ɗaga rigarsa. Bayansa ya yi ruɗu-ruɗu. Ina gasa masa da ruwan zafi ina kuka, shi ma yana yi, sai muka ji muryar Baba daga rumfa, muryar da muka kwana biyu ba mu ji ba.

"Ke 'yar nan, akwai sauran tuwo?"

Ya cinye tas, ya suɗe kwanon. Sannan ya ɗaga murya: "Ina ragon nan? Katafilar taku ba ta da ƙwari, bugu kaɗan ta mutu."

Yaron, da hawaye a fuska, ya amsa daga ɗaki: "Ai kai ma da ta gaske ce da gudu za ka yi, tsoho!"

Baba ya yi dariya har da tari.

Kafin azahar washegari labari ya gama ƙauyen. Tsofaffi suka riƙa aiko jikokinsu, wai katafila ta biyo ta gidansu yau, su ma su buga. Ni na ce an gama, na tattara tarkacen zan sa a murhu. Da na kai wa Baba ruwan alwala, bai dube ni ba, ya ce a hankali, "A sake ɗinka wata." Tun da aka kawo ni gidan bai taɓa roƙona komai ba. Na gaya wa maigidan, ya ce, "Ɗanki ne, ubana ne." Yaron kuwa har ya je ya yanko geza.

Na ɗinka. Amma wannan karon na farke matashin kaina na kwashe audugar rimin da ke ciki, na haɗa da tsohon bargon aurena, na yi mata shimfiɗa mai kauri daga ciki daidai bayansa da kafaɗunsa. Na aika gida-gida cewa ban yarda da sanda ko taɓarya ba, sai tsumagiya. Wasu suka ji, wasu in abin ya motsa musu ba su san abin da ke hannunsu ba. Wata gwaggon maigidan da ta dawo wurinmu daga wajen Maradun, wadda ɗakinta da kabarin mijinta suke ƙarƙashin ruwa, da ludayi ta buge ta har ya fashe, sannan ta zauna ƙasa ta rungume ta tana kuka.

Haka muka yi har tashe ya ƙare. Kullum da rana, da ƙishirwar azumi, ina zaune ina ɗinke inda aka yaga, in ruwan sama ya jiƙa ta in sake takarda. Kullum da yamma Baba ne mai bugun farko, ya buga, ya ci tuwonsa. Yaron yana dawowa da ɗan gero a ƙwarya, daga gidajen da na san su ma aunawa suke da hannu, da sabon tabo inda bargon bai kai ba. Abin da ya fi damuna, ya daina kuka. In ina gasa masa sai ya ce, "Inna, yau wane ya fi kowa zafin hannu, gonarshi ta fi girma."

Wata yamma ya shigo yana riƙe da hannun hagu. Bai taɓa faɗa mini gidan da aka buge shi ba, har yau. Mai ɗori ya ɗaure kafaɗar, ta kama, amma ba ta koma daidai ba.

Ranar Sallah Baba ya sa rigarsa ya tafi idi da ƙafarsa, yana dafe da lafiyayyar kafaɗar yaron, suna tafe suna zagin juna. Ya ƙara shekaru masu dama a duniya, har ya yi noman rani a ɗan filin da aka mayar masa, yana mita ba nan ne gonarsa ba. Ɗan nawa yanzu yana da furfura da jikoki. In damina ta sauka ina ganinsa yana murza kafaɗar nan, ba ya iya ɗaga buhu da wannan hannun. In na yi magana sai ya ce, "Inna, bari, ai tsohon ya ci tuwo."

Ni dai na bar haɗa kayan tashe tun shekarar. To kai da ka saurare ni, da kai ne riƙe da basillar nan, tsoho yana can ya roƙa, yaro yana nan da geza a hannu, za ka ɗinka ta biyun ko ba za ka ɗinka ba?