Shekarar da Lambunmu Ya Yi Furfura

Ɗazu na leƙa cikin butar alwalata, sai na ga farin nan da ruwa yake bari ya daskare a gindinta. Na sa farce na kankare, na kai baki. Kada ka yi mini dariya, mai karatu, tsufa ya ba ni lasisin ɗanɗana abin da na ga dama. Ɗanɗanon nan kuwa bai tsaya da ni ko'ina ba sai ƙauyenmu na bayan duwatsun Dutse, ina 'yar yarinya ko zane ban iya ɗaurawa ba.

Lokacin Turawa ba su daɗe da shigowa ba. Aka zo aka ɗebi maza aikin hanya, har da Babana, kuma ya jima ƙwarai kafin ya dawo. Gida ya rage daga Innata sai ni, sai kakannina biyu: mahaifin Babana da kowa ke kira Malam, da matarsa, Iya. Damina ta yi mana rowa, rumbu bai kai rabi ba. Abin da muka sa wa ido shi ne lambun albasar Malam, wadda akan kai kasuwar Kiyawa a dawo da hatsi. Kawuna, yayan Inna, ya riga ya aiko daga Aujara cewa in lambun bai ciyar da mu ba, zai zo ya tafi da ƙanwarsa da 'yarta. Ni kuwa na fi son in kwana da yunwa kusa da Malam, mai kirana amaryarsa yana ɓoye mini dabino a aljihu.

Kududdufin da ake ban ruwa da shi ya ƙafe da wuri, sai Malam ya haƙa rijiya a tsakiyar lambun. Ruwa ya fito garau, har maƙwabta suka zo barka. Ashe mai zartsi ne. Sabulun salo ba ya kumfa a cikinsa, in ka sha sai ka ji harshenka ya yi nauyi. Malam ya ce albasa ai ba ta da harshe, ya ci gaba da jan gugansa safe da yamma.

Ba a daɗe ba bakin kowane fangali ya yi fari, kamar an barbaɗa gari. Ƙasa ta ƙanƙame, ruwa ya riƙa kwanciya a kai ba ya shiga. Ganyen albasa ya yi ɗorawa, bakinsa ya ƙone.

“Amarya, lambuna ya riga ni furfura,” in ji Malam. Ya yi dariya, amma ranar bai ci tuwo ba.

Sai ya yi abin da ya gada. Ya sa aka kwaso masa tokar murhun unguwa kaf, ya zuba, don a wajenmu toka maganin gajiyar gona ce. Albasa ta ƙara kwanciya. Ya ƙara toka.

Wata safiya Iya ta yafa mayafinta ta bi mu lambu, abin da ba ta saba ba. Ta tsuguna, ta dangwali farin nan ta lasa, ta tofar.

“Malam, wannan ai kanwa ce. Kanwa ta yi wa abu yawa, kai kuma kana ƙara masa toka?”

“To me zan ƙara masa?”

“Abin da nake ƙara wa tukunya. Tsami.”

“Ke dai! Ƙasa tukunya ce?”

Duk da haka ya yanka mata fangalin da ya fi mutuwa, wai don ta bar shi ya huta da magana. Iya ta kankare farin ta zubar nesa. Ta tono tsohon takin awaki wanda ya ruɓe ya yi baƙi, ta haɗa da busasshen ganyen tsamiya da ragowar tsamiyar da aka tace, ta cuɗa da ƙasa. Ta rufe da ƙaiƙayi don kada rana ta sake jawo kanwar sama. Kullum kuma sai ta juye ruwan wankin gero da ya kwana ya yi tsami. Ni nake riƙe mata ƙwarya ina toshe hanci.

Ƙasa ba ta san gaggawa ba. Fangalin Iya ya fara laushi, amma albasar shekarar ta riga ta tafi. Kawu ya zo da jakinsa, ya durƙusa ya gaida Malam, ya faɗi abin da ya kawo shi cikin ladabi. Malam ya ce Kawu yana da gaskiya. Na riƙe rigar Malam ina kuka har sai da Inna ta ɓamɓare yatsuna. Bai raka mu ba, ya shige lambu ya juya mana baya.

A Aujara an riƙe mu da kyau, ba zan ci amanar kowa ba. Amma na yi kewar tsohon nan har na rame. Damina ta zo ta wuce, sanyi ya shigo, rani ya fara leƙowa. Wata la'asar muna sussuka sai na ji sallama da muryar da na sani. Malam ne, ƙafafunsa duk sun faffashe, da damin albasa a ka. Ya sauke a gaban Kawu, manya jajaye, ya ce, “Na zo biko.”

A hanyarmu ta komawa na ji rigarsa tana warin da na sani. Iya ce ta ba ni labarin daga baya. Ruwan tsamin gida ɗaya ba ya isar lambu, ita kuma gwiwarta ta hana ta yawo. Sai Malam, mutumin da ko ƙofar madafa ba ya leƙawa, ya ɗauki tulu yana bi gida gida, yana sallama yana roƙon matan unguwa ruwan da za su zubar. Samari suka yi ta yi masa dariya a dandali. Haka ya yi har ruwan sama ya zo ya wanke ƙasar, bayansa ma bai fasa ba.

Yanzu jikokina sun ce akwai garin farar wuta da ake barbaɗawa, ƙasa ta gyaru ba tare da an roƙi kowa ba. Na yi musu murna, Allah ya ƙara sauƙi. Sai dai ni na taɓa tambayar Malam ko bai ji kunyar tulun nan ba. Ya dube ni ya ce, “Na ji mana, amarya. Amma ta fi sauƙi a kan in shigo gida in ji shiru.”