Illo Mai Kampama da Zanar Gwamnati

Duk wanda ya san Illo ya san ba ya miƙa wa baƙo makullin ɗaki sai baƙon ya sha ruwa a ƙwaryarsa. Ba ruwansa da ko kai wane ne. Ni taubashinsa ne, kuma shagona na ɗinki yana kallon kampama, masaukin baƙi da gwamnati ta gina a nan Tawa, don haka abin da zan faɗa da idona na gani.

Zamanin soja ne aka fara cewa ƙasa za ta ci abinci da masu yawon buɗe ido. Anasara suna ƙetaro hamada cikin manyan motoci, su kwana a Tawa, su wuce Yamai. Illo ne mai gadi, shi ne mai shara, shi ne mai tarbar baƙi. Matarsa ta rasu, ba su haihu ba, kampamar nan ita ce gidansa da iyalinsa. Abin da yake tsoro a duniya ɗaya ne, a raba shi da ita. Sai dai taurin kai bai bar shi ya yi hattara ba.

Ni da na ɗan taɓa lakwal, wato boko, nake yi masa tafinta. Wata rana ya miƙa wa wani dogon anasara ƙwarya, mutumin ya ciro ƙwayar magani ya jefa a ciki. Illo ya karɓe ƙwaryar, ya zubar, ya ɗebo wani.

"Gaya mishi ruwana lahiyassu lau. In shi na ba shi da lahiya, ga likita can."

Bawan Allah ya rufe ido ya shanye. Da safe Illo ya bi shi har bakin mota, wai in tambaye shi ko ya mutu.

Daga baya aka turo wani matashi daga Yamai, ya zo koya masa sabon tsari. Ya kawo masa fararen kaya, riga da wando, ya ce kullum su zai sa. Illo ya juya su, ya shinshina, ya ninke, ya dubi matashin da muke ce wa mushe, wato malam a bakin anasara.

"Madalla, mushe. Gwamnati ta ba ni likkahwani tun ina da rai."

Bai taɓa sa su ba. Matashin ya ce kuma a riƙa nemo Fulani suna yi wa baƙi rawa da maraice, don abin da anasara ke son ɗauka a hoto ke nan. Lokacin fari ya fara kamawa, damina ta wuce ba a ga ruwan kirki ba. Illo ya dube shi sama da ƙasa.

"Wanda shanunai sunka mutu, da wace ƙahwa za shi rawa?"

Maganar ta kai kunnen manya, aka kira shi aka ja masa kunne. Ya dawo jikinsa a sanyaye. Na ce, "To, sarkin baki, yau an ɗinke maka shi?" Ya wuce ni ya shige kampama.

Da fari ya yi tsanani, mutanen arewa suka gangaro, Buzaye da Fulani, dabbobi sun ƙare, ba su da komai sai tsumman jikinsu. Suka zauna a filin da ke bayan kampama, inda babu ko itace ɗaya. Har yanzu ba na son tuna kukan yaran nan da tsakar rana. Sai umarni ya zo cewa bai kamata baƙi su ga wannan ba, zai ɓata sunan ƙasa. Aka kawo zana cike da kamyo, babbar motar kaya, aka ce Illo ya kafa shinge tsakanin kampama da filin.

Ya kafa. Shinge ya yi kyau, har mai dubawa ya yaba. Mai dubawa na juya baya, Illo ya kwance zana guda ya kai wa wata mata mai jego. Washegari ya kai wa wani tsoho. Na ce masa, "Illo, aikinka kake kwancewa fa." Ya ce ya sani, ya ce in kama masa ɗaya gefen. Kafin kasuwa ta zagayo, dirkoki kawai suka rage a tsaye, fili kuwa ya cika da rumfuna.

Wani kaftin ya zo da kansa. Ya tsaya yana kallon dirkokin.

"Ina zanar gwamnati?"

"Ga ta can, ranka shi daɗe, bisa kan mutanen gwamnati."

"An ce maka kar anasara su gan su."

"Anasara kallo ɗai ya ka yi. Rana ita ka kashe su."

Kaftin bai daka masa tsawa ba, bai kuma sa an rushe rumfunan ba. Hannu kawai ya miƙa. Illo ya kwance makullan daga ƙugunsa, ya ba shi.

Ya koma Affala wajen ƙanwarsa. In ya shigo Tawa cin kasuwa, sai ya yi dogon zagaye don kar ya bi ta ƙofar kampama. Ko shagona bai ƙara zuwa ba, ni nake zuwa in same shi.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi na je gaishe shi. Na ce bari in ɗan tsokane shi ko ya ware.

"Taubashi, da ka bar zanar nan tsaye, da yanzu kana cikin kampamarka."

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Ba ranar da ba ni tuna ta. Amma in anka sake kawo wata zana, rabawa za ni yi. Sai dai wagga karon da ƙyamaren ɗakuna za ni hwarawa."

Na yi dariya, shi ma ya yi, sai na ga hawaye na gangarowa cikin gemunsa.

Allah Ya jiƙan Illo, Ya yafe masa taurin kansa, Ya sa shi a inuwa ranar da babu wata inuwa sai taSa.