Mai Tattabaru a Tagar Magani

Dattijon yana tsaye a layin tagar karɓar magani kamar wanda ya zo ɗaukaka ƙara. Fatar idonsa na hagu ta kumbura, ta yi ja, ta rufe rabin ƙwayar. Kashin tsuntsu ya bushe a kafaɗarsa, gashin tattabara yana maƙale a hularsa. Mai ba da magani ba ta buƙatar a faɗa mata sana'arsa.

Shekara biyu ke nan, in ji 'yarsa, mai kemis yana ɗiga masa magani yana cewa apolo ne. Apolo mai zumunci, wanda ya zo bai san hanyar komawa ba. Yau likita ya ce ciwon daji ne, irin wanda a wasu lokuta ƙwayar cutar jikin tsuntsaye take tayarwa. A sha magani a gani, a kuma rabu da tattabarun.

'Yar ta ce, "Baba, ido ko tattabaru?"

"Ke, rufe min baki! Wanda ya cuce ni yana shagonsa yana shan iska, sai bayin Allah da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba za a kora?"

Ya fizge maganin zai sa a aljihu, amma aljihun cike yake da hatsi. Ya kwashe hatsin, ya dube shi da idon da ya rage, ya juye a tafin 'yarsa.

"Je ki buɗe musu ɗaki su tafi. Sai ki faɗa wa likitanku, tattabara gida take dawowa."