Baba Almu, Mai Mayar wa Agogo Muryarsa

A da, in gari ya waye a Ƙanƙara, kafin masu shayi su gama hura wuta, Baba Almu ya riga ya share gaban rumfarsa. Sai ya ɗauko akwatin wani tsohon agogo ya aza a cinya, ya yi bisimilla, ya shiga kankare shi da fasasshiyar kwalba a hankali kamar mai yi wa jariri aski. Haka mutanen unguwa suka saba ganinsa tun wasu suna goye, har ga shi yau su ne masu goyon.

Ga yaran yanzu da ba su san lokaci ba sai a waya, bari a yi musu bayani. Da can akwai agogon bango na katako, dogo, mai lilo a ciki, da duwatsun ƙarfe biyu rataye a sarƙa. Kullum da safe maigida ya ja sarƙar, duwatsun su hau sama, nauyinsu ya yi ta tafiyar da agogon har gobe. Alƙalai da fataken auduga da alhazan farko su ne suka shigo da su ƙasar nan. Baba Almu ba ya taɓa injin. Yakan ce shi magini ne, gidan agogo yake gyarawa, hanjin kuwa a kai wa masu shi a Funtuwa.

Ya ga abin dariya iri-iri a wannan sana'a. Akwai wani agogo da aka kawo masa daga Sabuwa, an mulka masa koren fentin da ya ragu daga ƙofar gida saboda kwalliyar Sallah. Ya daɗe yana kankara yana ƙunƙuni kafin asalin zanen katakon ya fito. Amma aikin da ya sa ake wannan jinjina shi ne agogon Hajiya Barakatu.

Hajiya Barakatu dattijuwa ce daga wani ƙauye ta wajen Ruwan Godiya, idonta ya daɗe da tafiya. Shekarar da rashin zaman lafiya ya tashe su, ɗanta Jabiru ya kama musu gida a Faskari. Jiki ya zo, zuciya ba ta zo ba. Ƙunshin kayanta yana nan ɗaure a gefen gado, ta hana kowa kwancewa, wai ita baƙuwa ce, gobe ko jibi za ta koma. Abinci sai an yi da gaske take kai loma biyu. Kowa a gidan yana ganin tana ƙarewa a zaune.

Wata rana ta tambayi ina agogon marigayi mijinta. Ashe tun da aka zo yana jingine a ƙasa a ɗakin ajiya, gara ta samu bayansa ta yi biki. Jabiru ya ji tsoron ta sani. Sai ya yi abin da kowane ɗan ƙauye ya san ana yi wa azara da ƙyauren rumbu: ya samo baƙin mai a wajen bakanike ya shafe shi ciki da waje. Gara kam ta mutu. Da aka rataya agogon ya buga, sai aka ji wani ƙwas kamar an jefa dutse a tsohuwar langa.

"Wanga ba agogon Alhaji ba ne," in ji Hajiya. "Ku maida ma mai shi." Ta juya fuska bango.

Da Jabiru ya kai agogon Ƙanƙara, Baba Almu ya shinshina ya girgiza kai. Ƙarfen da ke bugawa yana ɗaure ne a jikin katakon bayan akwatin, katakon ne ke ba shi murya. Wannan kuwa rabi gara ta cinye, rabi ya sha mai ya mutu.

"Baba, in sawo sabon falanki a sa mashi mana," in ji Jabiru.

"Ɗanyen katako? Damina ɗaya zai kumbure ya karkace, duwatsu su riƙa gugar jiki. Kuma ba shi da murya. Sai ya yi shekaru yana bushewa."

Jabiru ya sunkuyar da kai. "Baba, Hajiya ba ta da shekarun nan."

Kai ne, Baba Almu, ka hau babur da tsufanka a wannan hanya mai karya ƙugu, ka tafi Faskari don kawai ka tambayi makauniyar tsohuwa yadda agogonta yake kuka. Ta ce maka muryarsa kauri gare ta, kamar kiran salla daga ƙauyen da ke gaba. Wani zai yi dariya. Kai ka ce ka gane.

Baba Almu ya dawo ya shiga neman tsohon katakon maɗaci. Ya bi gidajen da ake rushewa, ya bi masu sayar da tsofaffin ƙyamare ranar kasuwa, ko'ina yana ƙwanƙwasa katako da bayan yatsa yana kasa kunne. Ko ɗaya bai amsa masa ba. Saƙo kuma yana ta zuwa daga Faskari cewa jikin Hajiya sai a hankali.

Barau mai faci, maƙwabcin rumfarsa, shi ya ga abin da ya biyo baya. Ya ce wata rana da hantsi Baba yana zaune ya yi tagumi, yana buga yatsa a kan teburin aikinsa, sai ya ga ya tsaya cak. Ya sake bugawa. Teburin nan maɗaci ne, maigidansa da ya koya masa aiki ya bar masa, a kansa ya ci ya sha ya aurar da 'ya'ya. Barau bai ankara ba sai ganin zarto ya yi a kai.

"Baba, to bisa mi za ka yi aiki?"

"Hannun ga ya fara rawa, Barau, ka daɗe kana gani kana yi mani kara. Gwamma teburin ya ƙare a bangon mutane da ya ƙare a murhu bayan raina."

Baba ya share falankin teburin, ya fitar da shi daidai bayan akwatin, ya haɗa da turakun katako ba ƙusa ko ɗaya. Gefuna da fuska ya tsotse musu man da toka da rana, ya goge da kakin zuma. Duk guntun da ke da sauran rai a tsohon akwatin bai yar ba.

Shi da kansa ya rataya shi a ɗakin Hajiya, ya kama hannunta ya ɗora a sarƙar. Ta ja, kamar yadda ta sha jin mijinta yana ja. Aka zauna jiran ƙarfe goma. Da ya buga, muryar ta cika ɗakin ta fita tsakar gida. Hajiya ta saurara har ƙarar ta gama lafawa, hawaye na bin fuskarta. Jabiru ya fita waje don kada a ga nasa.

Can ta kira surukarta. "Sumayya, zo ki kwance mani kayan nan ki jera. Kuma in akwai sauran tuwo a ɗumama mani."

Hajiya Barakatu tana nan da ranta, ita ke jan sarƙar kowace safiya. Baba Almu kuwa daga wannan aiki ya ajiye zarto, bai sake yin wani tebur ba.

Mun gode, Baba. Sannu da aiki, maginin gidan lokaci. Allah ya saka maka da alheri, ya sa tsufa ya yi albarka. Ku kuma kafintocin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, masu bindigar ƙusa da gaggawa, mutumin yana nan da ransa da kunnensa. Ku je ku durƙusa ku gaishe shi, ku koyi yadda ake sauraron katako, da yadda ake sauraron mai shi.